Mutuwar Yara a Hannun Iyaye Masu Kashe Kansu: Nazari a kan Ciwon Damuwa da Ƙuncin Rayuwa a Ƙasar Jafan

1.0 Gabatarwa

Daga cikin nau'o'in mutuwar da kan sami ƙananan yara akwai wani nau'i wanda hankali ke wuyar ɗauka, watau inda uba ko uwa za su kashe 'ya'yan cikinsu, sa'an nan su kashe kansu, ko kuwa su yi yunƙurin yin haka. Sau da yawa idan an bincika sai a tarar ba a san iyayen da mugunta ba, har ma maƙwabta su ba da shaidar cewa suna ƙaunar 'ya'yansu, suna kuma ɗawainiya da su gwargwadon hali. Abin da aka fi tararwa a bayan irin wannan labari shi ne haɗuwar abubuwa biyu a gida ɗaya: ciwon damuwa mai tsanani wanda ba a yi maganinsa ba, da kuma ƙuncin rayuwa irin na bashi, ko rasa aiki, ko barazanar rasa muhalli.

Manufar wannan makala ita ce ta bayyana yadda waɗannan abubuwa biyu ke haɗuwa har su kai ga salwantar ran yaro. An zaɓi ƙasar Jafan a matsayin filin nazari saboda dalilai uku. Na farko, harshen ƙasar yana da tsohon suna na musamman ga wannan aiki. Na biyu, jaridu da likitocin ƙasar sun yi kusan shekara ɗari suna rubutu a kansa. Na uku kuwa, tun daga 2005 gwamnatin ƙasar take fitar da rahoto kowace shekara, inda ake ƙidaya yaran da suka mutu ta wannan hanya daban da sauran. Za a kuma waiwayi Koriya ta Kudu da Ingila da Amurka a inda kwatanci zai ƙara haske.

Wajibi ne tun daga farko a tabbatar da abu guda. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa, matalauta kuwa sun fi haka yawa nesa ba kusa ba, amma kusan dukkansu ba su taɓa cutar da 'ya'yansu ba. Abin da muke magana a kansa ba kasafai yake aukuwa ba. Amfanin nazarinsa shi ne a gane 'yan gidajen da ke bakin haɗari tun kafin a makara.

2.0 Matsalar Suna

Kalmar da Jafanawa ke amfani da ita ita ce shinju. Asalin ma'anarta shi ne abin da ke cikin zuciya, kuma a da ana nufin alamar da masoyi kan nuna don tabbatar da gaskiyar ƙaunarsa. Daga baya sai ta koma tana nufin masoya biyu da suka yarda su mutu tare saboda an hana su aure. Marubucin wasan kwaikwayo Chikamatsu Monzaemon ya yayata wannan ma'ana da wasansa mai suna Sonezaki Shinju, wanda aka fara nunawa a birnin Osaka a 1703. Irin waɗannan wasanni sun yi tasiri ƙwarai, har hukumomin zamanin suka hana nuna su a cikin shekarun 1720, saboda matasa sun fara kwaikwayon abin da suke gani.

A ƙarni na ashirin sai jaridu suka ɗauki wannan kalma suka haɗa ta da oyako, watau iyaye da 'ya'ya, aka sami oyako shinju. To, a nan matsala ta taso. Kalmar shinju tana ɗauke da ma'anar yarda tsakanin manya biyu, ga ta kuma da ƙanshin soyayya da tausayi. Yaro ɗan shekara uku kuwa bai san mutuwa ba, balle ya yarda da ita. Ko da aka ƙirƙiro muri shinju, watau mutuwar tare ta tilas, har yanzu kalmar tana mai da hankalin mai ji ga baƙin cikin iyaye, tana kuma rufe gaskiyar cewa an yi kisan kai.

Koriya ta Kudu ta yi fama da irin wannan matsala. Kalmar da jaridunta suka saba amfani da ita, dongban jasal, tana nufin kashe kai tare da rakiya. Ƙungiyoyin kare haƙƙin yara, cikinsu har da reshen Save the Children na ƙasar, sun yi kira ga kafofin watsa labarai da su daina amfani da ita, su riƙa cewa kisan 'ya'ya wanda kashe kai ya biyo baya. A 2020 wata kotu a birnin Ulsan ta bayyana a cikin hukuncinta cewa tsohuwar kalmar ra'ayin babba kawai take nunawa, aikin kuwa shi ne matuƙar cin zarafin yaro. Wannan muhawara ta shafi duk mai fassara labarai zuwa Hausa. Idan aka ce iyali sun kashe kansu, an shigar da yaran cikin masu aikin, alhali kuwa su aka yi wa aikin.

3.0 Rabe-raben Masana

Wanda ya aza harsashin nazarin wannan fanni shi ne likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka Phillip Resnick. A 1969 ya tattara labaran kisan 'ya'ya 131 daga rubuce-rubucen likitoci na ƙasashe daban-daban, daga 1751 zuwa 1967, inda iyaye mata suka kasance 88, maza 43. Ya raba su gida biyar bisa ga abin da ya tunzura mai aikin. Kashi 49 cikin ɗari sun yi kisan ne bisa zaton suna ceton yaron daga wahala. Kashi 21 suna cikin gushewar hankali. Kashi 14 ba sa son yaron tun farko. Kashi 12 duka ne ko azabtarwa da ta zarce. Kashi 4 kuma ramuwar gayya ce ga abokin aure. Rukunin farko, wanda ya fi kowane girma, shi ne ya fi shafar batunmu, domin a cikinsa aka fi samun iyayen da suka yi niyyar mutuwa, suka kuma ga ba za su iya barin yaro a baya ba.

A 1995 Margo Wilson da Martin Daly da Antonietta Daniele sun nazarci aukuwa 109 a Kanada da Ingila da Wales, inda mutum ya kashe abokin aure tare da 'ya'ya. Kusan dukkan masu aikin maza ne, kimanin rabinsu kuma sun kashe kansu. Masanan sun bambanta iri biyu. Akwai mai fushi da zargi, wanda ke tuhumar matarsa da cin amana ko niyyar rabuwa da shi, galibi kuma yana da tarihin duka da tsangwama. Akwai kuma mai yanke ƙauna, wanda ya ga arziki ko mutunci ya kuɓuce masa, ya ɗauka iyalinsa ba za su iya rayuwa in ba shi ba. Neil Websdale ya faɗaɗa wannan bambanci a littafinsa na 2010 bayan nazarin aukuwa 211, inda ya nuna cewa kunya ita ce jijiyar da ta ratsa iri biyun.

Wani bincike a wata gunduma ta jihar Ohayo ta Amurka, wanda Susan Hatters Friedman da abokan aikinta suka buga a 2005, ya duba iyalai 30 da abin ya shafa tsakanin 1958 da 2002. Iyaye maza 20 ne, mata 10, kuma akasarinsu an sami alamun ciwon damuwa ko wata larurar ƙwaƙwalwa tare da su. A Ingila da Wales kuma, Sandra Flynn da abokan aikinta sun duba shekarun 1997 zuwa 2006, suka sami mutum 297 da kotu ta kama da laifin kashe 'ya'yansu, da wasu 45 da suka kashe kansu bayan aikin. Abin lura shi ne kashi 20 cikin ɗari kacal aka samu sun taɓa zuwa wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Wannan ya nuna cewa asibitin ƙwaƙwalwa kaɗai ba zai iya tare matsalar ba, tun da yawancin masu haɗarin ba sa isa ƙofarsa.

4.0 Yadda Ciwon Damuwa ke Juya Tunani

Ciwon damuwa ya bambanta da ɓacin ran da kowa kan yi idan an yi masa rashi ko hasara. Likitoci kan tabbatar da shi idan mutum ya yi aƙalla mako biyu cikin ƙuncin zuciya kusan kullum, ya daina jin daɗin abin da a da yake so, barci da cin abinci suka rikice, ƙarfin jiki ya ragu, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, yana ɗora wa kansa laifin da ya wuce kima, har tunanin mutuwa ya riƙa zo masa. Aaron Beck ya bayyana a 1967 cewa mai wannan ciwo kan yi mummunan gani ta fuska uku: yadda yake kallon kansa, da yadda yake kallon duniya, da yadda yake kallon gobe. Bincikensa na baya ya nuna cewa yanke ƙauna ga gobe shi ne ya fi kusa da haɗarin kashe kai. Edwin Shneidman kuma ya yi bayanin yadda tunani ke ƙuntata, har mutum ya ga hanyoyi biyu kawai suka rage masa, ko dai matsalar ta gushe gaba ɗaya nan take, ko kuwa ya mutu, alhali na kusa da shi suna ganin hanyoyi goma.

Idan mai wannan hali uwa ce ko uba, tunanin kan bi matakai kamar haka. Da farko zai yanke cewa shi dai rayuwa ta ƙare masa. Sa'an nan ya tambayi kansa, wa zai riƙe yaran nan a bayana? Tun da ciwon ya riga ya baƙanta masa duniya, amsar da zai ba kansa ita ce babu kowa, kuma wulakanci da yunwa ne kawai ke jiran su. Daga nan sai ya ga tafiya da su ita ce jinƙai. A nan ake samun abin mamaki, cewa shaƙuwa da yaro, wadda ga yawancin iyaye ita ce garkuwar da ke hana su cutar da kansu, ga wannan mutum sai ta zama dalilin haɗa yaron cikin halaka. Ƙarƙashin wannan tunani akwai wani kuskure wanda ba ciwo kaɗai ke haifar da shi ba, watau ɗaukar yaro a matsayin wani sashe na jikin iyaye, wanda ba shi da rai nasa na kansa da makoma tasa daban.

Ga mata akwai wani lokaci na musamman, watau bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi 13 cikin ɗari na masu jego kan sami larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, adadin kuma ya kai kusan kashi 20 a ƙasashe masu tasowa. Akwai kuma gushewar hankali ta bayan haihuwa, wadda kan sami mace ɗaya ko biyu cikin dubu, tana zuwa da sauri cikin makonnin farko, kuma tana bukatar a kai mai jego asibiti ba tare da jinkiri ba. Dukkan larurorin nan biyu suna da magani.

5.0 Bashi, Kunya da Kaɗaici

Tarihin Jafan ya nuna yadda ƙuncin tattalin arziki ke tafiya tare da wannan matsala. Labaran oyako shinju sun yawaita a jaridun ƙasar daga tsakiyar shekarun 1920 zuwa shekarun 1930. Wannan zamani ne na girgizar ƙasar da ta rushe Tokiyo a 1923, da rikicin bankuna na 1927, da karyewar farashin siliki da shinkafa a 1930, da kuma rashin amfanin gona a arewa maso gabashin ƙasar a 1931 da 1934. Likita Komine Shigeyuki ya tattara labaran jaridu a shekarun 1930, ya nuna cewa abin ya ƙaru ƙwarai idan aka kwatanta da ƙarshen ƙarni na sha tara.

To, amma talauci kaɗai bai isa bayani ba, domin Jafan ta sha yunwa mai tsanani a ƙarnonin baya ba tare da wannan aiki ya yaɗu haka ba. Masanin al'adu Iwamoto Michiya ya jawo hankali ga wani canji. A da, iyayen da suka gaza kan ba da ɗa riƙo, ko su kai shi aikatau, ko ma su ajiye shi a ƙofar mai hali da sanin cewa za a ɗauka a rena. Da birane suka bunƙasa, iyali ya tsuke ya zama miji da mata da 'ya'yansu kaɗai, sai aka ɗora nauyin yaro kacokan a kan waɗanda suka haife shi, musamman uwa. A lokaci guda kuma tarbiyyar guje wa meiwaku, watau ɗora wa wasu nauyi ko damun su, ta yi ƙarfi. Uwar da ta yanke shawarar mutuwa sai ta ga barin ɗa ga dangi ko maƙwabta rashin ɗa'a ne. Bahaushen da ya san al'adar riƙo zai fahimci girman abin da aka rasa, domin inda yaro ke da goggo ko kawu ko kaka da za su karɓe shi ba tare da gori ba, tambayar wa zai riƙe shi tana da amsa tun kafin a yi ta.

Zamani na biyu shi ne ƙarshen shekarun 1990. A watan Nuwamba na 1997 manyan cibiyoyin kuɗi biyu, bankin Hokkaido Takushoku da kamfanin hannun jari na Yamaichi, suka durƙushe. Alkaluman 'yan sandan ƙasar sun nuna masu kashe kansu sun tashi daga 24,391 a 1997 zuwa 32,863 a 1998, suka kai 34,427 a 2003, kuma ba su sauko ƙasa da dubu talatin ba sai a 2012. Akasarin ƙarin ya fito ne daga maza masu matsakaicin shekaru waɗanda suka rasa aiki ko bashi ya yi musu katutu. A shekarun 2000 kamfanonin ba da rance suna iya ɗora kuɗin ruwa har kashi 29.2 cikin ɗari a shekara, mutum ya ci bashi a nan ya biya can, har ya wayi gari masu bin sa bashi biyar ko shida ne.

Ta hanyoyi uku ƙuncin kuɗi ke shiga cikin lamarin. Yana haifar da ciwon damuwa ko ya tsananta shi, ciwon kuma ya hana mutum aiki, bashi ya ƙaru. Yana kawo kunya, mutum ya riƙa ɓoye halinsa don rufin asiri, ya yanke hulɗa da waɗanda za su iya agaza masa. Sa'an nan yana yanka wa'adi, watau ranar biyan bashi, ko ranar tashi daga gida, ko ranar da asiri zai tonu. Ga mai ƙuntataccen tunani wannan rana takan zama tamkar ƙarshen duniya.

6.0 Misali daga Lardin Ciba

Wani abu da ya auku a wani gari na lardin Ciba a watan Satumba na 2014 ya tara dukkan waɗannan sassa. Wata mata ce da aurenta ya mutu, tana zaune da 'yarta mai shekara 13 a gidan haya na gwamnatin lardi. Aikinta na wucin gadi ne a wurin dafa abincin makarantu, ana biyan ta bisa awowin da ta yi, idan an yi hutu kuma samunta ya ragu. Tana fama da bashi, har ta kai ga karɓar rance daga masu ba da bashi da ruwa ba bisa doka ba, wani sashe domin sayen kayan makarantar yarinyar. Kuɗin hayarta yen 12,800 ne a wata. Da ta kasa biya na watanni, hukumar lardi ta kai ƙara, kotu ta ba da umurnin a fitar da su. A ranar da ma'aikata suka zo zartar da umurnin, sai suka tarar ta kashe 'yarta, ita ma da niyyar kashe kanta. A 2015 kotu ta yanke mata ɗaurin shekara bakwai, bayan masu gabatar da ƙara sun nemi shekara goma sha huɗu.

Abin da ya tayar da hankalin lauyoyi da masana da suka bi diddigin lamarin shi ne, bisa ga ƙa'idar lardin, mai samu irin nata yana iya neman a rage masa haya har zuwa yen 2,560, amma ba ta san da wannan dama ba. Ta kuma taɓa zuwa ofishin tallafin marasa ƙarfi na garin a 2013, aka yi mata bayani, ta koma gida ba ta cika takardar nema ba, ba wanda kuma ya bi sawunta. Ofishin gidaje na lardi ya san ba ta biyan haya, ofishin gari ya san tana cikin ƙunci, amma ba a haɗa bayanan biyu wuri ɗaya ba. Taimakon yana nan a rubuce cikin doka, bai dai isa ga mai bukatarsa ba. Ya kamata a tuna cewa a 2012 kashi 54.6 cikin ɗari na gidajen da uwa ko uba ɗaya ke riƙe da 'ya'ya a Jafan suna ƙarƙashin ma'aunin talauci, adadin da ya sauko zuwa 44.5 a 2021.

7.0 Ƙidaya da Shari'a

Jafan ta kafa dokar hana cin zarafin yara a 2000. Bayan gyaran da aka yi mata a 2004, aka kafa kwamitin ƙwararru a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya domin bin diddigin kowane yaro da ya mutu a hannun masu kula da shi, aikin da ya koma hannun sabuwar Hukumar Yara da Iyali a 2023. Muhimmin abin da kwamitin ya yi shi ne sanya shinju cikin nau'o'in cin zarafi. A shekarar kuɗi ta 2020 yara 77 aka ƙidaya, 28 daga cikinsu ta hanyar shinju. A 2021 yara 74 ne, 24 ta wannan hanya. A 2022 kuma 72 ne, 16 ta wannan hanya. Watau cikin shekaru ukun nan yara 68 daga 223, kimanin kashi 30 cikin ɗari.

Rahotannin sun nuna bambanci tsakanin rukunan biyu. A sauran nau'o'in cin zarafi jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya ne suka fi yawa. A shinju kuwa shekarun yaran sun bazu, har da 'yan firamare da na sakandare, kuma sau da yawa yara biyu ko uku kan mutu a aukuwa ɗaya. Iyaye mata ne suka fi yawa cikin masu aikin. Dalilin da aka fi ambata shi ne larurar ƙwaƙwalwa ko rashin natsuwar zuciya, tare da ƙuncin kuɗi, da nauyin reno, da rikicin aure. Bugu da ƙari, yawancin gidajen ba su da tarihin duka ko sakaci da zai jawo hankalin ma'aikatan kula da yara.

Ta fuskar shari'a, idan uwa ko uba suka tsira, ana tuhumar su ne da kisan kai ƙarƙashin sashe na 199 na dokar laifuffuka, sashe na 39 kuma ya ba da damar sassauci idan an tabbatar da raunin hankali. Tarihin dokar yana nuna matsayin yaro a da. Sashe na 200 ya tanadi kisa ko ɗaurin rai da rai ga wanda ya kashe mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ba a kuwa yi irin wannan tanadi ga wanda ya kashe ɗansa ba. Kotun ƙoli ta ce sashen ya saɓa wa tsarin mulki a 1973, aka share shi a 1995. Ƙasar ta kuma amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1994, wadda sashenta na shida ya tabbatar wa kowane yaro haƙƙin rayuwa nasa na kansa.

8.0 Hanyoyin Rigakafi

Matakan da aka gwada sun kasu gida huɗu. Na farko shi ne rage nauyin bashi. A 2006 majalisar Jafan ta zartar da dokar rigakafin kashe kai, wadda ta ɗauki matsalar a matsayin ta al'umma baki ɗaya. A shekarar kuma aka gyara dokar masu ba da rance. Da gyaran ya fara aiki sosai a 2010, kuɗin ruwa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba, kuma an hana ba mutum rancen da ya zarce sulusin abin da yake samu a shekara. Adadin masu kashe kansu ya sauko har zuwa 20,169 a 2019, waɗannan dokoki kuwa suna cikin abubuwan da masana ke dangantawa da saukowar, tare da farfaɗowar ayyukan yi.

Na biyu shi ne hukuma ta je ta sami mabukaci a gidansa maimakon jiran ya zo. A watan Fabrairu na 2014 aka tsinci wata uwa da 'ya'yanta mata biyu manya sun mutu a unguwar Songpa ta birnin Seoul, sun bar won 700,000 na haya da kuɗin wuta da ruwa. Wannan ya sa majalisar Koriya ta Kudu ta zartar da dokoki uku a ƙarshen shekarar, aka kuma fara amfani da bayanan waɗanda aka yanke wa wuta ko ruwa, ko suka kasa biyan inshorar lafiya, wajen gano gidajen da ke cikin matsi. A Jafan ma dokar tallafa wa masu ƙuncin rayuwa ta fara aiki a watan Afrilu na 2015, inda aka buɗe ofisoshin da mutum zai kai matsalar haya da bashi da aiki a wuri guda.

Na uku shi ne kula da masu jego. Tun 2007 aka fara shirin ziyartar kowane gida da aka yi haihuwa kafin jariri ya cika wata huɗu, daga 2017 kuma gwamnati ta fara tallafa wa duba lafiyar mai jego a mako na biyu da kuma bayan wata ɗaya. Ana yawan amfani da tambayoyi goma na Edinbura, waɗanda John Cox da abokan aikinsa suka tsara a 1987, kuma an fassara su zuwa harsuna masu yawa. Ga likita ko ma'aikacin jinya, ƙa'idar ita ce duk uwa ko uban da ya ambaci tunanin mutuwa a tambaye shi kai tsaye me yake tunani game da 'ya'yansa. Bincike ya tabbatar da cewa tambayar mutum game da tunanin kashe kai ba ta cusa masa shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa.

Na huɗu shi ne yadda ake ba da labari. David Phillips ya nuna a 1974 cewa kashe kai kan ƙaru bayan jaridu sun yayata irinsa a shafin farko. Saboda haka tun 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya take shawartar 'yan jarida da su guji bayyana hanyar da aka bi, su guji rataya abin a kan dalili guda kamar bashi, su kuma faɗi inda ake samun taimako.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa wannan masifa ba ta faɗowa rana ɗaya. Tana ginuwa ne a hankali daga ciwon da ke baƙanta gobe, da ƙuncin da ke yanka wa'adi, da kunyar da ke rufe baki, da kuma zaton cewa ran yaro mallakar iyaye ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da alamun da na kusa zai iya gani: uwa ko uban da ya janye daga mutane, ya daina barci, ya riƙa cewa ba wanda zai kula da yaransa in ba shi, ko ya fara rabar da kayansa ana dab da ranar biyan bashi ko tashi daga gida. Wanda ya ga haka, abin da ya wajaba a kansa shi ne kada ya bar mutumin shi kaɗai da yara, ya sanar da dangi, ya kuma kai shi asibiti a ranar. Ga malamai da masu bincike kuma, darasin Jafan shi ne cewa an fara samun ci gaba ne daga lokacin da aka kira aikin da sunansa na gaskiya, aka riƙa ƙidaya yaran ɗaya bayan ɗaya, aka kuma tambayi kowane ofishi abin da ya sani da abin da ya yi a kai.